Daga Zango Zuwa Apapa

Lacca da aka gabatar a Abuja



 

Da aka sanar cewa za a yi magana a kan tashoshin jiragen ruwa a nan Abuja, na san akwai wanda ya ce a ransa: me ya haɗa kifi da kaska? Garin nan na duwatsu ne, ga Zuma ga Aso, teku kuwa sai an yi tafiyar yini guda a mota kafin a ji ƙamshinta. To amma ku ɗaga kai ku dubi zauren nan. Fankar da ke juyawa a samanmu, lasifikar da kuke ji na da ita, wayar da ke aljihun kowannenku, kusan babu wanda bai kwana a cikin jirgin ruwa ba. Duk wanda ya taɓa sayen tayil a Dei-Dei ko kayan gyaran mota a Zuba, ya biya kuɗin Apapa ko bai taɓa taka Legas ba. Kwanakin da kwantena ta yi a jibge tana jiran sa hannu, da na goron da direba ya miƙa a shingayen hanya, da tayar da ta fashe a ramukan Mokwa, duk an lissafa su a cikin farashin da aka faɗa masa.

Shi kansa garin nan ɗan cunkoson Legas ne. A 1975 Legas tana ɗauke da kaya uku a ka ɗaya: ita ce fadar gwamnatin tarayya, ita ce hedikwatar jiha, ita ce kuma babbar tashar ruwan ƙasa. Janar Murtala Muhammed ya kafa kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, ranar 3 ga Fabrairu 1976 aka fitar da dokar kafa sabon babban birni, kwana goma bayan haka aka harbe Murtala, Allah ya jiƙansa, motarsa na cikin cunkoson safiya a Ikoyi. Sai 12 ga Disamba 1991 gwamnati ta tare a nan. An ɗauke wa Legas mulki, an bar mata teku. Saboda haka ruwa yana can, amma alƙalamin da ke yanke hukunci a kan ruwan yana nan, a ofisoshin da wasunku za su koma gobe da safe. Wannan ne ya sa na ga maganar ta fi dacewa da Abuja fiye da ko'ina.

Abin da na zo da shi guda ɗaya ne. Zurfin ruwa shi kaɗai bai taɓa mayar da gari babbar tasha ba. Ƙasar da ke bayan tashar, da hanyar da ta haɗa su, su ke yin wannan aiki. Tarihin Legas ya nuna haka sau biyu: sau ɗaya lokacin da ta tashi, sau ɗaya lokacin da ta maƙale. A duka biyun kuma Arewa na tsakiyar labarin.

Bari mu fara daga gida, domin mun san tasha tun kafin mu san teku. Larabawa sun kira wannan yanki namu sahil, wato gaɓa, saboda sun ɗauki hamada tamkar ruwan da ake ƙetarawa. In hamada ruwa ce, Kano da Katsina su ne tashoshinta na kudu. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, Kasuwar Kurmi ke karɓar ayari. Daga Turabulus kaya ke tasowa, su bi ta Gadamas da Gat da Agadas, watanni a kan raƙumi, su sauka Kano. Daga nan turkuɗi da baƙin Kura da jar fatar akuyar Sakkwato ke hawa arewa. Fatar nan ce Turawa suka riƙa kira fatar Maroko don ta can ta isa hannunsu. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya kuma ƙiyasta tufafin da garin ke fitarwa a shekara da wuri miliyan 300. Ta yamma kuma ga hanyar Gwanja, inda fatake ke kai kanwa da tufafi Salaga su dawo da goro.

Ina so ku tsaya tare da ni a kan yadda wannan fatauci ke tafiya, domin a nan darasin yake. Ayari yana da madugu, wanda ya san hanya da sarakunan hanya, shi ke sasanta abin da za a biya a kowace ƙasa. Yana da jagaba da ke gaba, da uban dawaki, da malamin da ke riƙe lissafi da addu'a. In an iso babban kogi kamar Kwara, akwai masu jirgi da ke ƙetarar da mutane da jakuna, a biya su fito. Kalmar nan ce har yau muke amfani da ita in mun ce kuɗin fito na kwastan. In an sauka a zango kuwa, akwai fatoma, mai masauki. Shi ke ba baƙo ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya a inda ruwa da ɓarawo ba za su taɓa ba, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in za a ba da kaya bashi. Bafatake zai iya barin dukiyarsa a hannun fatoma ya tafi wata shida, ya dawo ya tarar da kuɗinsa cif. Babu takardar banki, babu inshora. Sunan mutum shi ne jinginarsa, in ya ci amana sau ɗaya labari ya riga shi isa kowane zango daga Kano har Kumasi.

Ku ɗauki abin da fatoma ke sayarwa ku jera: wurin ajiya, tsaro, labarin kasuwa, lamuni, da tabbacin cewa abin da aka ce shi za a tarar. In kuka je Singafo ko Dubai yau, kuka cire ƙarafa da na'urori, abin da ya rage ke nan. Kakanninmu ba baƙi ba ne a wannan sana'a.

A wancan zamani Legas, wadda iyayenmu ke kira Ikko, ba ta da wani kwarjini a matsayin tasha. Ingila ta mallake ta a 1861, amma bakin da ya haɗa tafkinta da teku yana da tudun rairayi a ƙarƙashin ruwa, wanda igiya ke kaiwa da komowa da shi. Manyan jirage ba sa iya shiga. Sai su tsaya a waje cikin tangal-tangal, ko su wuce Forcados, a juye kaya cikin ƙananan jirage a shigo da su. Kaya na faɗawa ruwa, mutane na halaka. Tun wajen 1907 aka fara zuba duwatsu don gina katangu biyu da suka miƙe cikin teku su tsare bakin, duwatsun kuma jirgin ƙasa ne ya riƙa jido su daga wajen Abeokuta. Ranar 1 ga Fabrairu 1914, wata ɗaya cif bayan an haɗe Kudu da Arewa, jirgin wasiƙu mai suna Akoko ya shiga har cikin tashar Legas. A 1921 aka fara ginin matsayar manyan jirage a Apapa.

Tambayar ita ce, me ya sa Turawan da ba sa kashe kwabo sai sun ga inda sule zai fito suka zuba wannan dukiya a cikin ruwa? Amsar tana kilomita fiye da 1,100 daga can. Layin dogo ya bar Legas ya isa Ibadan a 1901. Wani layin kuma ya tashi daga Baro, a bakin Kwara, ya isa Kano a 1911, aka haɗe biyun, zuwa 1912 jirgi na ɗaukar kaya daga Kano zuwa Ikko. A 1911 ɗin nan ne kuma Italiya ta auka wa Turabulus. Hanyar hamada da ta yi ɗaruruwan shekaru ta shiga magagin mutuwa, har Larabawan Kano da kansu suka koma aika fatunsu ta Legas. Tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Kano ta juya fuskarta daga arewa zuwa kudu.

Turawa auduga suka yi wa shimfiɗa, don masaƙun Lankasha. Manomin Kano ya yi nasa lissafin. Masaƙan gida na sayen auduga da daraja, gyaɗa kuwa tana yi a jigawa, ana shuka ta tare da hatsi, in kasuwa ta ƙi a ci abinta, harawarta kuma ta dabbobi ce. Fataken goro, Agalawa da Kambarin Barebari da Tokarawa, waɗanda suka riga suka san kowane ƙauye da wanda za a ba bashi, su suka shiga karkara suna raba kuɗi da gishiri da tufafi kafin kaka. Gyaɗar da Najeriya ta fitar ba ta kai tan 2,000 ba a 1911. A 1913 ta haura tan 19,000. Reluwe ta rasa taragun ɗauka, buhuna suka cika filin tasha.

A cikin waɗannan fatake akwai Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji. Ya yi fataucin goro a ƙasar Gwanja, yana cikin na farko da suka gane cewa goro zai iya hawa jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Legas, sannan ya hau jirgin ƙasa zuwa Kano, maimakon watanni a bayan jaki. Daga 1918 ya zama babban mai sayen gyaɗa wa kamfanin Neja. Da ya rasu a 1955 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Mutumin da ya tashi a tarbiyyar zango shi ya fi kowa iya cin moriyar tashar ruwa, kuma ban ɗauki wannan a matsayin dace ba.

Sai dalar gyaɗa. Muna sa hotonta a bango muna alfahari, kuma ta cancanci alfahari, gumin talaka ce. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: buhu ba ya hawa kan buhu har ya yi tsawon bene sai in ya rasa abin hawa. Babban dalilin tsayuwar dala shi ne reluwe ba ta iya kwashe amfanin shekara kafin wani ya shigo, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu da aka yi ƙarancin kawunan jirgi da taragu. Gyaɗa kan shekara a fili, ƙwari na ci. Alamar arzikinmu ita ce kuma alamar ƙuncin hanyarmu. Ciwon da muke kuka da shi yau ya girmi 'yancin kai.

Duk da haka tsarin ya yi aiki, saboda jirgi na tafiya da kaya yana dawowa da kaya. Ya gangara da gyaɗa da auduga da fatu da kuzar Jos da shanu, ya hauro da gishiri da kananzir da atamfa da kwanon rufi da goro. Rassa suka miƙa: Ƙaura Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. A gefen layin kuma zangonni suka sake tsirowa da sabon kama, Sabo a Ibadan, unguwar Hausawa a Agege, kowanne da Sarkin Hausawansa da masu masaukinsa. Apapa ta girma ne a kan wannan kai da komo. A 1955 Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Najeriya ta fara aiki, tashar da ta gāda kuwa Arewa ce ke cika mata kaso mai tsoka na abin da take lodawa.

Daga nan abubuwa biyu suka faru, ɗaya a duniya, ɗaya a gida.

Na duniya shi ne kwantena. A 1956 wani mai motocin dako a Amurka, Malcom McLean, ya ɗora akwatunan ƙarfe 58 a kan jirgi daga Newark zuwa Houston. Kafin nan 'yan dako ke shiga cikin jirgi suna fito da kaya buhu-buhu, jirgi ya yi mako ko fiye a tasha. Da akwatin ya samu ma'auni ɗaya a duk duniya, ƙafa 20 ko ƙafa 40, sai ya zama ana rufe shi a masana'anta, ya hau mota, ya hau jirgin ƙasa, ya hau jirgin ruwa, ba a buɗe shi sai a ƙofar mai shi. Ma'anar wannan babba ce gare mu: tasha ta daina zama dole a bakin ruwa. Inda aka rufe kwantena aka buga mata hatimin kwastan, nan ne tasha, ko da a tsakiyar jigawa ne.

Na gida kuwa shi ne man fetur. Kuɗi suka shigo, fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975 suka durƙusar da noman fitarwa, ƙasa ta koma saye. A 1975 ɗin ne aka yi odar siminti tan miliyan 20, alhali tashar Legas ba ta iya sauke abin da ya wuce kusan tan miliyan ɗaya a shekara. Jirage fiye da 400 suka yi layi a teku, wasu watanni, ana biyan su kuɗin jira kowace rana, siminti na daskarewa a cikinsu. Cikin gaggawa aka gina tashar Tin Can, aka buɗe ta a Oktoba 1977. An ƙara faɗin baki, amma ba a kula da maƙogwaro ba. Reluwe ta riƙa lalacewa shekara bayan shekara, kaya suka koma kan titi, tirela da tanka suka gāji aikin tarago. Tarago talatin da kan jirgi ɗaya ke ja sun zama mota talatin, direba talatin, karen mota talatin, kowacce na neman wurin tsayawa a unguwar da ba a gina ta don haka ba.

Wanda ya ga Apapa a shekarun 2017 zuwa 2020 ba zai manta ba. Motoci sun yi layi a kan gadoji har suka kai tsakiyar gari. Na zauna da direbobinmu a ƙarƙashin tirela, inda suka shimfiɗa tabarma suka kafa murhu. Akwai wanda ya ce mini ya fi mako biyu bai matsa tsawon filin ƙwallo ba, kuma riɗi ne a bayansa, mai saye na jira a wata ƙasa. Abin ya tsaya mini a rai, domin na san manomin da ya noma riɗin nan shi zai biya kuɗin wannan zama, ta hanyar farashin da za a taya masa baɗi. An miƙa tafiyar da tashoshin ga kamfanoni a 2006, aikin cikin tasha ya ƙara sauri. An kawo tsarin kiran motoci ta intanet mai suna Eto a 2021, layi ya ragu. Waɗannan gyare-gyare ne na gaske, ban raina su ba. Amma kaya na nan a kan taya.

Yanzu mu leƙa waje kaɗan. Akwai tashar da ƙofa ce kawai, kayan ƙasarta ke shiga da fita. Akwai kuma wadda ta zama mahaɗa, inda babban jirgi ke sauke kayan ƙasashe goma, ƙananan jirage su rarraba. Singafo girmanta kusan kashi ɗaya cikin goma ne na wannan yanki na Babban Birnin Tarayya, amma a 2024 kwantena fiye da miliyan 40 suka ratsa ta, mafi yawansu ba nata ba ne, masu wucewa ne. Dubai, da 'yan kasuwarmu suka sani kamar tafin hannunsu, ta buɗe tashar Jebel Ali a 1979, ta kewaye ta da yankin ciniki marar haraji a 1985. Allah ya ajiye su a kan hanyar jirage, gaskiya ne, amma garuruwa nawa ne ke kan hanya ɗaya ba su zama komai ba? Abin da suka sayar wa duniya shi ne alkawari: jirginka zai shigo ran kaza, ya fita ran kaza, kuɗinka kaza ne, babu ƙari a bayan fage. Aikin fatoma ke nan.

Kusa da mu ga Lome. Togo ba ta kai mutum miliyan 10 ba. Ta zurfafa tasharta ta wuce mita 16, ta buɗe sabon wurin kwantena a 2014, cikin 'yan shekaru ta kai ga zarce Legas a yawan kwantena, wani ɓangare na kayan ma namu ne ake juyewa a can a ƙaramin jirgi a kawo mana. A ganina Legas babbar ƙofa ce, ƙofar kasuwar mutum fiye da miliyan 200, amma har yanzu ba ta zama mahaɗar da girmanta ya cancanta ba.

Tashar Lekki da aka buɗe a Janairu 2023 ta magance matsalar zurfi: mita 16 da rabi, kuɗin gini kusan dala biliyan ɗaya da rabi, manyan jiragen da a da sai Lome yanzu suna iya tsayawa. A gefenta ga matatar Ɗangote mai tace ganga 650,000 a rana, kuma mai ita, Alhaji Aliko, tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata ne ta wajen uwa. Gidan da ya fara loda goro a jirgin ruwa ya dawo bakin teku bayan shekara ɗari. Sai dai an buɗe Lekki babu layin dogon da ya shiga cikinta. Duk kwantenar da ta sauka, mota za ta hau. Kuskuren Tin Can muke shirin maimaitawa da sabon fenti, kuma ina roƙon waɗanda abin ke hannunsu a zauren nan su ji wannan da kunnen basira.

'Yan uwanmu na Nijar sun fi mu sanin zafin wannan magana, su da ba su da gaɓa ko taki ɗaya. Maraɗi ba ta da nisa da Jibiya, amma shekara da shekaru Alhazan Maraɗi ta Kwatano suke shigo da kaya, su hauro ta Parakou, su ƙetare gadar Malanville zuwa Gaya. Wani kayan ma daga nan yake sulalowa ya dawo kasuwannin Kano da Katsina. Ɗan kasuwa bai zaɓi doguwar hanya don ƙin ƙasarsa ba. Ya zaɓi inda ya san ranar da kayansa za su fito. Mun rufe iyakokin tudu daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai aka sake rufe wasu, kayan Nijar suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso cikin rakiyar soja, farashin shinkafa da magani ya hau a kan talakan da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ƙasar da ba ta da teku, numfashinta na hannun maƙwabci. Arewacin Najeriya ma, in muka cire sunan ƙasa ɗaya da ya haɗa mu da gaɓa, halinmu ɗaya da su ta fuskar nisa.

To mene ne a hannunmu? Tun 2006 gwamnati ta amince da kafa tashoshin tsandauri a wurare shida, cikinsu har da Kano da Funtuwa da Jos da Maiduguri. Ta Kaduna aka fara buɗewa, a Janairu 2018. Ta Dala, a Zawaciki, an buɗe ta a Janairu 2023. Ta Funtuwa ta biyo baya. Manufar ita ce ɗan Kantin Kwari ya yi odar kaya daga Sin a rubuta Kano a takardar jirgi, kwantena ta wuce Legas a rufe, kwastan su buɗe ta a Zawaciki. Mai riɗi a Dawanau kuma ya cika tasa, a duba, a rufe, ya karɓi takardarsa a nan, sauran tafiya ta zama alhakin kamfanin jirgi. Wasu ƙasashe sun yi. Duisburg a Jamus tana can cikin tudu a bakin kogin Rhine, amma jiragen ƙasa daga Sin na sauke kaya a cikinta. Habasha ba ta da teku, ta gina tashar Mojo kusa da Addis Ababa, ta haɗa ta da Jibuti da layin dogo mai tsawon kusan kilomita 750 da ya fara jigila a 2018.

Tashar tsandauri da babu jirgin ƙasa mai zuwa a kan lokaci, fili ne kawai da katanga. Muna da misali a kusa: tashar kogi ta Baro, inda layin Kano ya faro, an sake gina ta an buɗe a Janairu 2019, amma rashin hanyar kirki da za ta kai mota wurin ya bar ta shiru.

Akwai kuma nauyin da ke kanmu mu 'yan kasuwa da manoma, wanda ba na gwamnati ba ne. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kwantenar da ta hauro Kano cike da kaya, in ta koma wayam, mai shigo da kaya ne zai biya kuɗin zuwa da dawowa, kamfanin jirgi kuma ba zai yi marmarin sake aiko ta ba. Abin cikawa kuwa muna da shi: riɗin Jigawa da Nasarawa da Binuwai, zoɓon da Meziko ke saye, cittar Kachiya da Kafanchan, ƙaron Yobe da Barno, waken soya, fatu. Amma kasuwar duniya ba ta yafe ganganci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda yawan maganin ƙwari da ake zuba masa a sito. Mutum kaɗan ne suka yi, kowa ya sha. A zamanin zango wanda ya cuɗa goro mai kyau da ruɓaɓɓe, fatoma ne ke fara korarsa, tun kafin baƙo ya yi ƙara. Ƙungiyoyin kasuwanninmu su ne magadan wannan kujera, kuma ina ganin ya kamata a ce wurin gwajin kaya da tantance su yana cikin Dawanau, a hannun mutanen da sunansu zai ɓaci in kaya suka dawo.

Na dawo Abuja, inda na faro. In kuka je tashar Idu za ku ga sabon layi mai faɗi ya miƙe arewa, kilomita 186 zuwa Rigasa, yana aiki tun Yuli 2016. Daga Kaduna zuwa Kano ana kan gini. Daga Kano kuma an ɗora harsashin layin Maraɗi a Fabrairu 2021, kilomita 284, ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ta can kudu, layin Legas zuwa Ibadan ya fara aiki a Yuni 2021, an kuma shigar da reshensa har cikin Apapa. Tsakanin Ibadan da Abuja ne babu komai. Sabon layi faɗinsa ƙafa 4 da inci 8 da rabi, tsohon na Turawa ƙafa 3 da inci 6, taragon wannan ba ya hawa wancan. Saboda haka kwantenar da ta hau sabon jirgi a Apapa, a Moniya take sauka ta nemi tirela, ta bi Ilori da Jebba da Mokwa kamar yadda ta saba. Ko an gama layin Maraɗi da na Kaduna zuwa Kano gobe, Alhajin Maraɗi zai hau jirgi ya zo Kano da Kaduna da Idu, daga nan ya tsaya yana kallon daji.

Wannan giɓi na tsakiya shi nake roƙon 'yan majalisarmu da gwamnoninmu da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su sa a gaba, su riƙa tambayarsa da suna duk lokacin da aka zo kasafin kuɗi: ina aka kwana a kan Ibadan zuwa Abuja, kuma yaushe dogo zai shiga Lekki? Ofisoshin da za su amsa suna cikin garin nan, wasu ma da ƙafa za a iya zuwa daga inda muke zaune.

Shugaba, na ga lokacin sallah ya gabato, a nan zan dakata don a samu damar tambayoyi.